FILIN MANOMA: Romon Kaza a Lokacin Sanyi, da Kazar da Ta Kamata a Yanka

Ga hunturu ya sauko. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura da hazo daga Hamada, leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, yara suna ta tari da majina. A Kano da Katsina da Damagaram, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka da asuba, a bisa dutsen Jos kuwa ya kan fi haka sauka. A irin wannan lokaci babu abin da rai ke so da maraice kamar romo mai zafi mai yaji. A ƙauye kuwa nama mafi kusa da hannu shi ne na kaza, ba sai an jira ran kasuwa ko an nemi mahauci ba.

To, darasin wannan mako a kan romon nan ne. Amma tun da filin na manoma ne, daga akurki za a fara kafin a kai ga tukunya. Gama a gidaje da yawa, in maigida ya ce a kama kaza, ɗaya daga cikin abu biyu a kan yi. Ko dai yara su bi wadda ta fi saukin kamu, sau da yawa kuwa ita ce uwar da ke ƙwai, ko kuma a ɗauko wadda ta takure a gindin rumbu tun jiya, a ce a yi maza a yanka ta kada ta yi mushe. Na farko hasara ce ga gida ɗaya. Na biyu ya kan jawo hasara ga unguwa duka.

Annobar kaji

Duk mai kiwo ya sani da shigowar hunturu a kan wayi gari kaji suna faɗuwa. A wasu wurare ana ce wa cutar fakat, a wasu farin kashi, wasu kuma annobar kaji kawai su ke cewa. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila. A shekarar 1926 aka fara gane ta, a can da kuma tsibirin Jawa na ƙasar Indonisiya. A Nijeriya kuwa an fara tabbatar da ita a wajen Ibadan cikin ƙarshen 1952, daga nan ba ta sake barin ƙasar ba. In ta shiga kajin da ba a yi wa rigakafi ba, ta kan kashe mafi yawansu, wani lokaci ma ta share akurki kaf cikin kwana kaɗan.

Alamunta ba su ɓuya. Kaza ta kan daina kiwo, ta tsaya wuri ɗaya tana gyangyaɗi, gashinta a tashe, fikafikai a sake kamar mai jan babbar riga a ƙasa. Ta kan yi zawo kore ko fari, ta riƙa buɗe baki tana kakari. Wadda ta kwana biyu ba ta mutu ba, a kan ga wuyanta ya murɗe, tana zagaya wuri ɗaya, ko ƙafa ta shanye. Abin da ya fi wuya a cikin al'amarin shi ne, daga ranar da kaza ta ɗauki cutar zuwa ranar da za ta nuna, a kan yi kamar kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu. Watau kazar da a ke gani garau a kasuwa yau tana iya zama da cutar a jikinta.

Ƙwayar cutar irin wadda likitoci ke kira bairus ce, ba ta da magani. Kafso ɗin nan da a ke fasawa cikin ruwan shan kaji bai taɓa kashe ta ba, haka barkono da gautan kaji da sauran jiƙe-jiƙe. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce. Dalilin da ya sa cutar ta fi ƙarfi da sanyi kuwa, ƙwayar ta fi daɗewa da rai a cikin kashi da gashi in babu zafin rana sosai, ga kaji suna cunkusuwa wuri ɗaya don neman ɗumi. Har wa yau a lokacin ne fatauci ya ke tashi, ana tara kaji daga ƙauyuka da yawa a keji ɗaya, ana lodinsu zuwa birane da kudu saboda Kirsimeti da sabuwar shekara.

Yanzu a duba abin da ke faruwa in an yanka marar lafiya. Jininta ya zuba a tsakar gida, sauran kaji su zo suna tsattsaga. Gashin da aka fige iska ta ɗebe shi ta ƙetare danga. Hanji a jefa wa kare, kare ya ja shi zuwa bayan gidan maƙwabci. Ruwan wanki a watsa a kwata, agwagi su sha, agwagwa kuwa ta kan ɗauki cutar ta yaɗa ba tare da ta nuna komai ba. Kafin romon ya nuna, an riga an raba cutar gida biyar. Wanda kuma ya ga kajinsa sun fara faɗuwa ya kwashe ragowar ya kai kasuwa ya karyar, ya sani dukiyar ɗan'uwansa ya je kashewa, ko da kuwa ciniki ya faɗa da yardar kowa.

Cutar Niyukasil ba ta yi wa mutum wani abu mai tsanani, iyakarta jan ido na kwana kaɗan. Amma akwai wata mai kama da ita ƙwarai, watau murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, shi ne karo na farko a Nijeriya, a watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata mace a Legas. Ta sake dawowa Nijeriya a 2015, ta kuma dawo a 2021. Manomi ba ya iya bambanta su da ido, likita ma sai ya aika da samfur ɗakin bincike. Dafuwa mai kyau tana kashe ƙwayoyin duka biyu, gaskiya ne, amma haɗarin yana wajen yanka da figa da fiɗa, aikin nan kuwa mata da yara ne ke yinsa. Saboda haka kazar da ta nuna ciwo a wannan lokaci ba ta tukunya ba ce. A ware ta. In ta mutu a haƙa rami mai zurfi, yadda kare ba zai tono ba, a binne ta da gashinta, ko a ƙone. In suna mutuwa da yawa rana ɗaya, a gaya wa malamin dabbobi nan da nan.

Rigakafi akwai shi, ba shi kuma da tsada. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin iri-iri. Wanda ya fi dacewa da ƙauye shi ne mai suna I-2, wanda aka samo a Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya, domin ya fi sauran jure zafi a hanya. Ɗigo ɗaya a ke sa wa a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya ne, a maimaita bayan kowane wata huɗu. Ya kan ɗauki kamar mako biyu kafin ya kama jiki, don haka Oktoba ce lokacinsa na ainihi. Wanda bai yi ba, in cutar ba ta iso garinsu ba tukuna, har yanzu bai makara ba. In kuwa ta riga ta iso, kada a ɗiga sai da shawarar malamin dabbobi, gama waɗanda suka riga suka ɗauka za su mutu duk da haka, sa'an nan mutane su ce maganin ne ya kashe su, baɗi su ƙi yarda.

Wadda za a kama

Hunturu lokacin rage kaji ne. Bayan an gama sussuka, tsintar da su ke samu a masussuka ta kan ƙare, ciyawa ta bushe, ƙwari su ɓace, sai a koma ga rumbu. A ce ana watsa wa kowace kaza tafin hannu ɗaya na dawa, kamar giram 40 a rana. Cikin wata uku ta ci kilo uku da rabi da ɗoriya, kusan tiya ɗaya da rabi ke nan. Kaji goma marasa amfani sun cinye fiye da sulusin buhu, ba ƙwai ba ɗan tsako. Sabo da kaza ba ya hana yankanta, in ji masu magana.

Na farko a layi zakaru ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Gidan da ke da kaji takwas da zakara biyar, huɗu na tukunya ne ko na kasuwa, ba abin da su ke yi sai faɗa da wahalar da matan. A bar wanda ya fi girma da faɗin ƙirji da kuzari. Mutane da yawa su kan yi akasin haka, su sayar da babban don ya fi kuɗi, su bar ƙanƙanen ya yi barbara, shekara ta zagayo suna mamakin yadda kajinsu ke ƙara ƙanƙancewa. Bayan shekara biyu kuma ya kamata a sake zakara daga wani gida, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa.

Na biyu tsofaffin kaji da suka daina ƙwai. Kazar gida ta kan yi ƙwai kamar 30 zuwa 60 a shekara, a zubi biyu ko uku, in ta wuce shekara uku kuwa sai abin ya riƙa ja da baya. Ga yadda a ke gane mai ƙwai, da dare ya fi sauƙi, sa'ad da su ke kwance. A ɗauke ta a tallafe ƙirjinta a tafin hannu, a shafa bayanta. A gefe biyu na mafitar ƙwai akwai ƙasusuwa biyu masu tsini. In yatsa biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, ƙasusuwan kuma suna da taushi, tana ƙwai. In yatsa ɗaya kaɗai ya shiga, ƙasusuwan sun yi kauri da kitse, ta tsaya. Mai ƙwai zankonta ja ne mai sheƙi, mafitar da danshi da faɗi, cikinta da laushi. Wadda ta tsaya zankonta ya kan ƙanƙance ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, mafitar a bushe a tsuke. Sau da yawa wadda ta fi kowa kyan gashi ita ce ragguwar, domin abincin da ta ci a jikinta ya tsaya.

Amma a yi hankali a nan. Kazar da ke kwanci, da wadda ke yawo da 'yan tsaki, da wadda ke zubar da gashi, duk awon yatsa zai nuna sun tsaya, alhali hutu ne na ɗan lokaci. Uwar da ta saba ƙyanƙyashe goma ta raya bakwai ko takwas, wadda ke tare shirwa da fikafikanta, ta fi sagara uku daraja ko ta tsufa. Matan gida sun san ta. A tambaye su kafin a sa wuƙa, da ma sau da yawa kajin nasu ne.

Ɗan kasuwa ko akawu wanda ba shi da akurki, sai ya saya, shi ma ga abin dubawa. Ido garau ba ruwa, hanci a bushe, zanko ja ba baƙi-baƙi ba, gashin gindi ba kashi a manne, in an ɗaga ta ta yi fisge-fisge da ƙarfi. A taɓa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar bakin wuƙa, ramammiya ce. Ƙarshen ƙashin nan in yana lanƙwasuwa, ƙaramar kaza ce, in ya yi tauri tsohuwa ce. Kazar da aka karya wa kuɗi ba dalili, akwai dalili. Wanda ke da kaji a gida kuwa, wadda ya sayo kada ya sake ta cikinsu, ya yanka ta a ranar, ko ya tsare ta nesa har mako biyu. Haka kuma wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba.

Kafin tukunya

In ba gaggawa a ke yi ba, a tsare kazar kwana goma a keji ana ba ta dusa da tsaki da ɗan garin ƙuliƙuli, za ta yi kitse, romon ya fi daɗi. Wadda aka ba magani kwanan nan a duba takardar maganin, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ci. Daren da za a yanka da safe a ɗauke abinci a bar mata ruwa kawai, hanjin zai zama wayam, ba zai fashe ya ɓata nama ba.

A wasa wuƙa sosai, a yanka bisa ƙa'ida, a haƙa ɗan rami jinin ya zuba ciki a rufe. A bar jinin ya tsiyaye sarai. Ruwan figa kada ya zama tafasasshe. Wanda ya kai kamar digiri 60 ya isa, watau a tafasa a sirka da ɗan ruwan sanyi, a tsoma ta kamar minti ɗaya ana jujjuyawa, har gashin fiffike ya zare da sauƙi. Tafasasshen ruwa ya kan dafa fata ta saɓule, fatar nan da kitsen ƙarƙashinta kuwa su ne rabin daɗin romo. A babbake ƙananan gashi da harshen wutar kara. Ban da leda, ban da roba.

Wajen fiɗa a cire jakar wuya inda hatsi ke taruwa, a zaro kayan ciki gaba ɗaya a hankali. A raba matsarmama da hanta ba tare da ta fashe ba, in ta fashe duk inda ta taɓa ya yi ɗaci. A tsaga ƙundu a ɓare fatar cikinsa. A dubi hantar: in ta kumbura, ko tana da ɗigo-ɗigo fari, ko an ga tabon jini a jikin hanji da tumbi, a haƙura da kazar duka. Gashi da hanji da ruwan wanki su tafi rami ɗaya. Wuƙa da akushi da hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa wani abinci, gama ko lafiyayyar kaza akwai ƙwayoyin zawo a hanjinta da fatarta. A sani kuma, kamar sulusin nauyin kaza ya kan tafi a jini da gashi da hanji. Wadda ta yi kilo ɗaya da rabi da rai, kamar kilo ɗaya za ta shiga tukunya.

Dafuwar

Tsohuwar kaza da zakara su ne na romo. Namansu yana da jijiya da yawa, ita ce ke sa tauri, amma in ta daɗe a ruwan zafi ta kan narke ta koma cikin ruwan. Shi ya sa romon kazar gida ke kama leɓe, in ya kwana cikin sanyi ya daskare. Kazar gona mai saurin girma, wadda a ke yankawa tana mako shida ko takwas, ba ta yi wannan jijiya ba tukuna, minti talatin ta nuna, in an ƙara ta watse, ruwanta kuma salam. Ta fi kyau da suya. Tsofaffin kajin ƙwai da gonaki ke sayarwa in sun gama aiki, irin su Shika Brown da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, su kam sun dace da romo ƙwarai.

Ga kaza ɗaya ana bukatar albasa biyu manya, attarugu uku ko huɗu, tattasai biyu, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, tafarnuwa ƙwaya biyar, kanumfari huɗu ko biyar, masoro rabin ƙaramin cokali, kimba ɗaya, daddawa ɗaya, gishiri, da ruwa kamar lita ɗaya da rabi. Kimba a fasa ta a zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci. Kanumfari kada a wuce haka, in ya yi yawa ya kan danne kome. Kayan nan kusan duka na manoman ƙasashen nan ne, kuma rani ne lokacin arahar yawancinsu: albasa daga Aliero da Galmi, tattasai daga bakin Komadugu wajen Difa, tumatir daga Kadawa da Kura, citta daga Kaciya da kewayenta. Citta kam ta yi tsada ƙwarai bayan cutar da ta lalata gonakinta a kudancin Kaduna a daminar 2023. In ɗanyar ta gagara, ƙaramin cokali ɗaya na garin busasshiya ya wadatar.

A yayyanka kazar gaɓa-gaɓa, a sa har da wuya da ƙafafu bayan an saɓule fatarsu, gama su ne suka fi jijiyar nan. A zuba a tukunya da albasa ɗaya yankakkiya, da citta da tafarnuwa dakakku, da gishiri kaɗan. Kada a zuba ruwa tukuna. A rufe a ɗora a wuta marar ƙarfi kamar minti goma, naman zai fid da ruwan jikinsa ya sha kayan ƙanshin. Sa'an nan a zuba ruwa har ya sha kan nama, a bari ya tafasa, a kwashe kumfar da ta taso.

A nan ne yawancin masu dafuwa ke kuskure. Da an ji nama da tauri sai a ƙara itace. Ruwa kuwa in ya tafasa ya kai iyakar zafinsa, ƙarin wuta ba ya ƙara masa kome, sai dai ya ƙone ruwan ya cinye itacen. Abin da jijiya ke bukata lokaci ne. Da ta tafasa a zare itace a bar guda biyu, ko a bar ta a kan garwashi, a rufe, tana ɗan motsi kawai. Tsohuwar kaza ta kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tsohon zakara ya kan wuce haka. Mutanen Jos su ƙara haƙuri, domin garinsu yana bisa tudu kamar mita 1,200, ruwa ya kan tafasa a can tun bai kai zafin na Kano ba. In ruwa ya ragu a ƙara mai zafi.

Bayan awa ɗaya a zuba jajjagen attarugu da tattasai da sauran albasa, da dakakken masoro da kanumfari da kimba da daddawa. Mai sa dunƙule ya rage gishiri, gama yawancin dunƙulen gishiri ne. Hanta sai a minti goma sha biyar na ƙarshe, in ta daɗe ta kan yi gari. Gidan da ke da baki da yawa a yanka dankalin Turawa ko kabewa ko karas a zuba saura minti ashirin a sauke, kaza ɗaya sai ta ishi mutum takwas. Ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe, a rufe a sauke. Alamar nuna ita ce naman cinya ya rabu da ƙashi da kansa, ba ja ko kaɗan a jikin ƙashin.

Masu gaggawa su kan jefa kanwa. Tana tausasa nama, amma ta kan baƙanta romo ta kashe ɗanɗano. Akwai kuma mummunar al'adar jefa ƙwayar farasitamol a tukunya, wadda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kanta. Magani ne mai lahani ga hanta in ya yi yawa, ba kayan miya ba ne. Wanda ya matsu ya nannaɗe naman a dakakken ganyen gwanda kamar awa ɗaya kafin dafuwa, ya wanke, akwai abin da ke tausasa nama a cikin ƙaron gwanda.

In miya mai kauri a ke so ta cin shinkafa ko funkaso, sai a tsame naman bayan ya nuna, a soya shi sama-sama a man gyaɗa. A soya albasa a man, a zuba markaɗen tumatir shida ko bakwai da tattasai, a yi ta juyawa har tsamin ya mutu mai ya taso. Sa'an nan a juye romon a kai, a mai da naman, a ba su minti goma sha biyar tare. Romo tsararo kuwa da gurasa ko burodi ko sinasir a ke sha, da zafinsa.

Abin da romo ke yi, da abin da ba ya yi

Romo ba ya kashe mura. Abin da ya ke yi shi ne, tururi da yaji su buɗe hanci, ruwan ya mai da abin da jiki ya rasa, mai ciwon da ya ƙi tuwo ya samu abin da zai iya haɗiya. A shekarar 2000 wani likita a Jami'ar Nebraska ta Amurka, Stephen Rennard, ya buga sakamakon gwajin da ya nuna romon kaza yana rage motsin wasu ƙwayoyin jini masu jawo kumburi. A kwalba aka yi gwajin, ba a jikin majiyyata ba, saboda haka kada a ɗora masa abin da bai ce ba. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti za a kai shi a ranar.

Wajen rabo kuma akwai gyara. Al'ada ta ba maigida ƙundu da cinya, ta bar wa yara kai da ƙafa. Amma kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsokar kaza abincin gina jiki ne, masu bukatarsa kuwa su ne yaron da aka yaye, da mai ciki, da mai jego. Hanta tana ƙara jini, tana da amfani ga ido, ita ma su ta fi dacewa da su. Maigida ya riƙe ƙundunsa, ba wanda zai yi masa gardama, amma a zare tsokar ƙirji a marmasa wa ƙanana cikin romo, a tsince ƙashi sarai, gama ƙashin kaza ya kan tsage da tsini.

Saboda sanyi wasu su kan shigar da murhun gawayi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, a yi dafuwa a sha ɗumi gaba ɗaya. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da barci, mutum ya kwanta bai tashi ba. A yi dafuwa a waje ko a madafa mai taga, a kashe wutar da ruwa in an gama, domin iskar hunturu ba ta raina garwashi.

Abin da ya rage a tukunya kada a dogara ga sanyin gari. Rana ta hunturu ma tana da zafin da ya ishi abinci lalacewa. Inda babu firji, a sake tafasa shi sosai kafin a kwanta, a bar shi a rufe kada a sa hannu ko cokali, da safe a sake tafasawa a cinye. Ƙasusuwa a jefa rami. Tokar murhu in ta huce a zuba ta a wani lungu busasshe, kajin da suka rage su yi birgima a ciki, tana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata. Akurkinsu kuma a kare shi da zana ta gefen arewa da gabas inda iska ke bugowa, a bar kafa ta sama don numfashi, a share kashin kowane mako a kai gona.

Mako mai zuwa za a yi bayanin renon 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe cikin sanyi.